Ƙungiyar mazauna unguwa a Agege: ta wace ƙofa ake shiga?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan hukumomin Legas. Layinmu yana Agege, tsakanin layin dogo da hanyar mayankar Oko-Oba. Gidaje kusan 40 ne, masu gida akwai Yarbawa akwai namu, amma a 'yan haya mu ne muka fi yawa. Abu huɗu suka haɗe mana lokaci guda.

Wani ya sayi fili a ƙarshen layi ya fara bene, har an zuba dakin, wato rufin kankare, na farko, kuma katangarsa ta hau kan kwatar da ke kwashe ruwan layin gaba ɗaya. Babu allo a wurin, ba wanda ya san hawa nawa zai yi. Sai tireloli da tifofi da suka mayar da layin hanyar kauce wa gosulo, har lokacin da yara ke tasowa daga islamiyya. Ga kuma tsohon gidan wani attajirin goro mai benen katako, da ƙaramin masallaci a jikinsa, magada suna maganar ba wa mai gini hayar shekaru ya rushe. A ƙofar gidan akwai ƙatuwar ceɗiya da balbelu ke kwana a kai, jemagu ma suna zuwa, wasu na cewa a sare saboda kashi da wari.

Matasa sun ce a je a kori leburori, a zuba kankare a tare hanya. Dattawa sun ce a kai wa Sarkin Hausawa. Wasunmu muna ganin a kafa ƙungiya mai rajista. Wace irin rajista ce ta dace, kuma kowace matsala wane ofis ake kai wa, da wace takarda?

Tsohon Sakatare:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar sabuwar ƙungiya, ku bincika ko layinku yana ƙarƙashin wata CDA, wato ƙungiyar raya unguwa da gwamnatin jiha ta sani. Da wuya a samu layi mai gida 40 a Agege da ba ya cikin wata, sai dai ko mutanenmu ne ba sa zuwa taro, wanda shi ne abin da aka fi gani. Legas tana da dokar waɗannan ƙungiyoyi tun 2008. Tsarin hawa uku ne: CDA a unguwa, CDC a ƙaramar hukuma inda shugabannin unguwanni ke haɗuwa, sai majalisar shawara ta jiha. Wasiƙar da ta fito a kan takardar CDA, shugaban CDC ya sa mata hannu, ba a ajiye ta inda ake ajiye wasiƙar "matasan unguwa".

Ku kuma tabbatar wace hukuma ce taku. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da LCDA 37, wato hukumomin raya yankuna da jihar ta ƙirƙira, kuma a ɓangarenku akwai Agege, akwai Orile-Agege, ga Ifako-Ijaiye a maƙwabta. Ku duba rasit ɗin harajin shago na wani a layin, sunan da ke kai nan ne sakatariyarku. Wasiƙu da yawa suna mutuwa ne kawai don an kai su inda ba a da iko da layin.

In akwai CDA, ku shiga, ku biya kuɗin wata, ku nemi a kafa kwamiti a cikinta kan waɗannan abubuwa. In babu, ku kira taro, kowa ya rubuta sunansa da lambar gidansa ya sa hannu, a zaɓi shugabanni, a rubuta tsarin mulki da iyakar unguwa layi-layi, a kai sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Abin da ba zan ba ku shawara ba shi ne a sa mata suna "ta Hausawa". Ranar da kuka yi haka, mai ginin zai ce baƙi ne suke hana ɗan gari gini, maganar kwata ta koma maganar ƙabila, kuma wanda ya tuna rikicin ƙabilancin da ya faru a kasuwar Mile 12 a Maris 2016 ya san inda wannan take kaiwa. Shugaba ya zama mai gidan da ya daɗe a layin, ko da Bayarabe ne. Sakatare wanda ya iya Turancin ofis kuma yana da lokacin zirga-zirga. Bale, wato mai unguwar Yarbawa, da Sarkin Hausawa da limamai da fasto su zama iyayen ƙungiya. 'Yan haya su samu kujera a kwamiti, don ɗakunansu ruwa ke fara shiga.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta tarayya, wani abu ne daban. Ana yin ta ne a ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020: amintattu aƙalla 2, tsarin mulki, bayanin taron da aka naɗa su, sanarwa a jaridu 2, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Amfaninta shi ne ƙungiya ta iya kai ƙara da sunanta, ta riƙe kadara, ta buɗe asusu ba tare da wahala ba. Amma tana cin kuɗi da lokaci, kuma kowace shekara sai an miƙa rahoto. Ku fara ta in kuna so, kada dai ku zauna jiranta.

Kowace wasiƙa matsala ɗaya, shafi ɗaya. A yi kwafi 3, a kai da hannu, a tsaya sai an buga hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafinku. Ba hatimi, ba ku kai komai ba. Bayan sati 2 a sake rubutawa a ambaci ranar ta farko. Kuɗin ƙungiya kuma masu sa hannu 3, sai 2 sun sa a fitar, a karanta lissafi a kowane taro. Yawancin ƙungiyoyin unguwa kuɗin mai gadi da ba a yi bayaninsa ba ne ke kashe su.

Injiniya:

Alhaji Sakatare ya gama da tsari. A cikin abu huɗun nan ginin ne ba ya jira, don haka shi za ku fara cikin satin nan. Tun ran gini ran zane: gini a matakin fandisho ana gyara shi da wasiƙa, wanda ya kai hawa 3 kuwa sai an yi shekaru ana ja.

Hukumomi biyu ne, mutane na haɗa su. LASPPPA ita ke ba da izinin gini, ita ta san filan da aka amince da shi: hawa nawa, gidan zama ne ko shaguna ko otal, da tazarar da za a bari. LASBCA ita ke duba aikin a fili mataki-mataki, ita ke manna takardar saɓa doka, ta dakatar da aiki, ta rufe wuri, in ta kama ta rushe. Dukansu suna ƙarƙashin dokar tsara birane ta jihar ta 2010 da gyare-gyarenta, kuma suna da ofisoshin shiyya, ba sai an je sakatariyar jiha da ke Alausa ba. Ku rubuta wa ta farko kuna tambayar ko akwai izini a kan fili mai lamba kaza, da abin da aka amince. Ku rubuta wa ta biyu kuna neman a zo a duba. Rashin allo da kuka ambata shi kansa abin sawa ne a wasiƙa, don ƙa'ida ce a kafa allo mai lambar izini da sunayen ƙwararrun da ke kan aikin.

Kada ku rubuta "yana gini ba bisa ƙa'ida ba" kawai, ku ba da awo. A cikakken fuloti mai ƙafa 60 da 120, abin da aka saba nema ga gidan zama shi ne mita 6 a gaba, mita 3 a baya da kowane gefe. Ku sa tef ku auna daga waje, daga gefen kwata zuwa bango. Ku ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane kwana 2, da kwanan wata a jiki, a sa wani abu da aka san tsayinsa a cikin hoton, ko sanda mai mita 1. Ba wanda zai shiga cikin filin. In akwai wayar wuta a sama ku auna ita ma: mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33 ana barin mita 5.5 kowane gefe, mai 132 mita 15, mai 330 mita 25. Kuma tunda Agege tana gefen filin jirgin Murtala Muhammed, gini mai tsawo ko wanda za a ɗora wa turken sadarwa yana buƙatar takardar tsayi daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Maganar kwata ita ce mafi ƙarfi a hannunku, kuma tana da tata ƙofar: ofishin magudanan ruwa na Ma'aikatar Muhalli da Albarkatun Ruwa a Alausa. Ku fara gano wace iri ce. Ƙaramar kwatar gefen layi ta ƙaramar hukuma ce da mazauna. Wadda ke tara ruwan layuka da yawa ta kai babban kanal ta jiha ce, kuma jiha ba ta wasa da ita a 'yan shekarun nan. Ku bi ta da ƙafa daga inda ta faro zuwa inda ta zuba, ku zana a takarda, ku auna faɗinta da zurfinta kafin filin da kuma daidai filin. In ta taho da faɗin mita 1.2 ta koma santimita 60 a ƙarƙashin katangarsa, wannan jimla ɗaya ta fi shafi 3 na kuka. Abin da ke faruwa shi ne ruwa yana rage gudu a inda aka matse, yashi da leda su kwanta, sai ya koma baya ya shiga gidajen da ke sama. Ranar ruwan sama mai ƙarfi ku ɗauki bidiyo, ku ja layi da fenti a bango inda ruwa ya tsaya. Yuni da Yuli ne ganiyarsa, sai kuma Satumba da Oktoba.

Ingancin aikin kuma ana iya ganin wasu alamu daga titi. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, katakon da ke tokare da dakin bai kamata a cire shi kafin wajen sati 3 ba. In kun ga an zuba dakin ran Asabar, sati na zagayowa an kwance tokara an fara jera bulo a sama, ku rubuta ranakun. Haka in rodin ginshiƙin bene bai wuce kaurin milimita 12 ba, ko bulo yana marmashewa in ya faɗo daga mota. Buhun siminti ɗaya wajen bulo 30 mai inci 9 ya kamata ya fitar, masu son banza suna kai shi 50 da ɗori. Jihar tana da ɗakin gwajin kayan gini a Ojodu, kuna iya neman a tura samfur can. Kuma samun izini ba ya nufin an bi shi. Benen da ya rushe a titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, hawa 15 aka amince, aka kai shi 21, mutum fiye da 40 suka rasu. Shi ya sa tambayar "hawa nawa aka amince" take gaba da "yana da izini".

Matasanku kuma ku riƙe su. Leburorin da za su kora, rabinsu 'yan'uwanmu ne masu cin abincin yini. Sannan da zarar an taɓa mutum ko an ture bulo, mai ginin ya samu abin kai wa 'yan sanda, ku koma neman beli, maganar kwata ta bi ruwa.

Baban Tasha:

Yarona, maganar mota ku fara da sanin mai hanyar. Babban titin Legas zuwa Abeokuta na tarayya ne. Manyan titunan cikin gari na jiha ne, facinsu aikin hukumar ayyuka ta jiha. Layin unguwa irin naku na ƙaramar hukuma ne, amma duk abin da zai canza tafiyar mota, tudun rage gudu ne, ƙofa ce, mayar da layi hanya ɗaya ne, sai da yardar Ma'aikatar Sufuri. LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, ba ta ba da wannan izini, ita aikinta tsayawa a hanya da kama mai laifi.

Kada ku je da baki, ku je da ƙidaya. A sa mutum 2 a bakin layi kwana 7 a jere, daga 6 zuwa 10 na safe, da 2 na rana zuwa 8 na dare, a raba takarda minti 15-15, a ware tirela daban, tifa daban, danfo da Keke Marwa daban. A rubuta lambar manyan motoci da sunan da ke jikin ƙofa. Kwana 7 ɗin nan zai nuna muku abin da ba ku zata ba: yawanci motocin wuri 2 ko 3 ne ke maimaita kansu. Tun dokar hanya ta 2012 Legas ta hana tirela yawo cikin gari daga 6 na safe zuwa 9 na dare, ban da tankar mai. Kowa ya san ba a cika bin ta ba, amma a wasiƙa tana da nauyi. Tirela ta ambata, kada ku jingina maganar tifa a kanta. Ita tifa wataƙila yashin ginin can take kawowa, sai ta shiga wasiƙar Injiniya.

In motocin shanu ne masu zuwa Oko-Oba, kafin kowace hukuma ku je wajen shugabannin direbobi da na kara. Namu ne, kuma direban da ya kwana biyu a hanya daga Arewa da dabbobi a baya ba mugunta ce ta shigo da shi layinku ba, wani ne ya nuna masa hanya. A zauna a sa lokaci: ba shiga daga 7 zuwa 8 na safe, da lokacin tashin makaranta. Abin da aka yi da shayi a tasha ya fi daɗewa a kan wanda aka yi da tara.

Kankaren da matasa ke son zubawa shi ne mafi muni. Tudun da aka yi daidai faɗinsa ta inda mota ke hawa wajen mita 3.7 ne, tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10, da fenti, da allon gargaɗi kafin a iso, ba a kan kwana ba, kuma a bar gefe ruwa ya wuce. Na unguwa kuwa gajere ne mai tsini, tsayin bulo. Ƙaramar mota ta bar salansa a kai, mai babur ya faɗi da dare, tirela mai kwantena ta karkata ta jingina da katangar wani, ruwa kuma ya taru a bayansa ya cinye kwalta. In wani ya ji rauni, waɗanda suka zuba za a nema. Ƙofa ma akwai ƙa'ida: gwamnati ta ce a buɗe take daga 5 na asuba zuwa 12 na dare, a lokacin rufewa ma da mai gadi a wurin. In kun nemi ƙarfen hana dogayen motoci, ku nemi mai buɗewa da makulli, don motar kashe gobara da ta kwasar shara su ma dogaye ne.

Hajiya Malama:

Ƙanina, gidan goron nan kada ku sa shi a wasiƙa ɗaya da sabon ginin, kuma kada ku jawo masu duba gini kusa da shi tukuna. Jami'in da ya zo ganin katanga, in ya hangi benen katako ya tsufa, yana iya shafa masa jan fenti a matsayin gini mai haɗari, ku da kanku kun ba magada hujjar rushewa. Ku fara samun injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya duba ya rubuta rahoto. In ya ce ba ya gyaruwa, to rai ya fi tarihi, a kwashe abin da za a iya adanawa.

Doka akwai. Jihar tana da dokar kare wuraren tarihi ta 2011, a hannun Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, Fasaha da Al'adu, kuma ana iya rubutawa a nemi a sa gida a jerin. A tarayya akwai hukumar gidajen tarihi, ofishinta na Legas yana Onikan. Rushe gini ma sai da izini. Amma kada ku ɗauka suna a jeri katanga ce. Ilojo Bar, wani tsohon gini a dandalin Tinubu, tun 1956 aka ayyana shi abin tarihi na ƙasa, aka rushe shi ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin babbar sallah, lokacin da ofisoshi ke rufe. Irin wannan aiki a ƙarshen mako da ranakun hutu ake yin sa, don haka a samu wanda ke sa ido, da lambar wanda za a kira.

Abin da ke rushe tsohon gida a Ikko gado ne. Magada 20, rufi na yoyo, ba wanda ke samun ko sisi, sai ga mai kuɗi da tayin hayar shekaru. In ba ku zo da abin da zai kawo musu kuɗi ba, wa'azin tarihi ba zai yi ba. Ƙasa ta zama shaguna ko ajin islamiyya mai biyan haya, ƙungiya ta ɗauki gyaran rufi, a rubuta yarjejeniya. Rufi ne farko, sannan gara: a duba ƙafar ginshiƙai da inda katako ya shiga bango, a soka tsinken ƙarfe, in ya nutse an ci ciki. Kuma kada birkila ya shafe tsohon bango da filastar siminti. Siminti yana kulle danshi a ciki, tubalin ya ruɓe a ɓoye. Da farar ƙasa ake gyara irinsa.

Ko gidan zai tsira ko ba zai tsira ba, ku tattara shaidarsa yanzu. A auna kowane ɗaki, a ɗauki hoton tagogi da matakala da ƙofofi, a naɗi muryar tsofaffin da suka san mai gidan, a nemi rasit ɗin goro, takardun jirgin ƙasa, wasiƙun ajami da ke cikin adaka. Zaman Hausawa a Agege goro da jirgin ƙasa suka kafa shi, amma ku je ku nemi gini ɗaya da aka ajiye don ya ba da wannan labari. Hukumar adana takardu ta jiha, LASRAB, tana Magodo. Ƙungiyar Legacy 1995, wadda ta gyara Jaekel House a harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, ta san wannan aiki, ku tuntuɓe su.

Masallacin kuma ku tambaya ko marigayin ya yi waƙafinsa. In ya yi da baki ne kawai, a tara magada da shaidu a rubuta, safiyo ya fitar da shi daban a takarda. In ba haka ba, yana cikin filin da za a bayar.

Ɗan Fadama:

Ceɗiyar ta fi gidan samun kariya a doka. A Legas ba a sare bishiya, ko yi mata babban sassabe, sai da izinin LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jiha, kuma wanda ya sare ɗaya ana sa shi dasa 5. Ku rubuta musu tun yanzu cewa akwai bishiya a wuri kaza, kaurinta kaza a daidai ƙirji, ku nemi su zo su gani su sa ta a lissafinsu. Ku kuma lura da gindinta, don wanda aka hana sara yakan kewaye ɓawon da adda ko ya zuba baƙin mai, bayan wata 3 ya ce ta mutu da kanta.

Masu ƙorafin wari suna da gaskiya, kada a raina su. Kashin balbela yana cin kwanon rufi, yana ɓata ruwa. A sassabe rassan da suka hau kan rufi da inda ake alwala, da rani, ba da damina ba lokacin da suke da ƙwai da 'ya'ya. A rufe tankunan ruwa da rijiya, a zuba yashi a ƙasa ana sharewa, masu abinci su matsa. Saiwar ceɗiya tana bin danshi, tana shiga sokawe da kwata, maganinta rami mai zurfin wajen mita 1 tsakaninta da gini, a zuba siririn bangon kankare. Jemagun masu cin 'ya'yan itace ne, su ke yaɗa irin manyan bishiyoyi kamar loko. Amma yara kada su taɓa wanda ya faɗo, ko su ci 'ya'yan itacen da ya gatsa. Akwai ƙwayar cuta dangin ta haukan kare da aka fara ganowa a jikin jemagun tsibirin Legas a 1956. A ɗauke mataccen da shebur a binne.

A wasiƙa kuwa, ku sa inuwa da rage zafi da shan ruwan sama a gaba, tsuntsaye a baya. Kusa da filin jirgi tarin tsuntsaye ba abin alfahari ba ne a wurin hukuma. Abin da ke tara balbela ya wuce kima sharar mayanka ce da juji a buɗe, can ya kamata a gyara. Don a san ko suna ƙaruwa, a ƙirga su sau ɗaya a wata da magariba suna dawowa. Gidauniyar kare dazuka da namun daji ta NCF da ke kula da dajin Lekki mai hekta 78 tun 1990 tana da masana tsuntsaye. Kuma in aka ga ana tallan ungulu ko ɗankunya ko aku a kusa, wannan laifi ne a dokar tarayya, NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ake kai wa.

Ɗan Zango:

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Saura abu ɗaya. In mun kai wasiƙun nan aka yi shiru, gini kuma yana ta hawa fa? Wasu na cewa mu sa hoton mai ginin a Facebook.

Barista:

Hoton gini da kwata da awo, ku sa. Hoton mutum da kiransa ɓarawo ko mai ba da cin hanci, a'a, don zai koma ƙarar ɓata suna, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan jawowa a irin wannan.

In an yi shiru, ku sake rubutawa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma. Ku aika kwafi ga kansila, da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, da kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a na majalisar. Ku kuma gwada Cibiyar Sulhu ta Jama'a da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kyauta ce, kuma mai gini yakan yarda ya ja katanga baya mita 1 in ya ga hakan ya fi masa arha a kan a rufe masa wuri.

In ta kai ga kotu, abin nema shi ne umarnin dakatar da aiki kafin a gama shari'a, kuma alƙali yana duba ko kun yi jinkiri. Masu ƙara su zama waɗanda gidajensu ke manne da filin ko ruwa ke shigar musu, don sai an nuna cutar da ta same ku ta musamman, ba wadda ta shafi kowa ba. Ƙungiyar da ba ta da rajistar CAC ba ta ƙara da sunanta, sai mutum 2 ko 3 su tsaya a madadin sauran, da takardar taron da ya wakilta su. In za a haɗa da wata hukuma, akwai dokar da ta sa wa'adin wata 3 daga ranar da abin ya faru, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa kafin ƙara. Don haka ku kai wa lauya fayil ɗin tun ranar da wasiƙa ta biyu ta cika sati 2 ba amsa, da kwafin masu hatimi, da hotunan a jere bisa kwanan wata.